Idan Jari Ya Karye: Yadda Ake Fuskantar Bashi da Gyara Suna a Wurin Masu Ba da Rance

Duk wanda ya daɗe yana zama da 'yan kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a garin Bauchi ya san cewa karayar jari ba ta zuwa rana ɗaya. Tana farawa ne da kayan da suka kwana a shago, sai bashin da aka bai wa abokan ciniki ya ƙi dawowa, sai kuɗin mota ya ninka kamar yadda ya faru bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kafin mutum ya ankara ya fara karɓar rance a nan yana toshe rami a can. Ma'aikacin gwamnati ma bai tsira ba, domin akwai wanda albashinsa ke shiga da safe, kafin azahar masu bashi sun yanke rabonsu, abin da ya rage bai kai kuɗin buhun masara ba. A irin wannan hali ne wasu ke jin labarin cewa a Amurka mutum yana iya zuwa kotu ya ce ya karye, a shafe masa bashi, sai su tambaya ko akwai irin wannan ƙofa a ƙasarmu. Akwai ta, amma ƙunci gare ta, kuma abin da ke bayanta ya kamata a san shi kafin a ƙwanƙwasa.

Abin da doka ta tanada

Dokar da ke kula da karayar mutum ɗaya a Najeriya ita ce ta 1979, wadda aka yi wa gyara a 1992, kuma sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya ita kaɗai hurumin sauraron irin wannan shari'a. Wato kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci ta unguwarku za ta iya yanke hukunci a kan bashi, amma ba za ta ayyana ka karyayye a ƙarƙashin wannan doka ba. Ana iya shigar da ƙarar ta hanya biyu: ko dai mai bin bashi ya kai ka, ko kai da kanka ka bayyana wa kotu cewa ka kasa biyan abin da ake bin ka. Mafi ƙarancin bashin da dokar ta ambata don mai bi ya shigar da ƙara Naira 2,000 ne, adadin da ya isa ya nuna maka tsufan dokar.

Idan kotu ta karɓi ƙarar, takan fara da ba da umarnin riƙe dukiyarka, sannan a ba ka damar kawo wa masu bin ka tayin sulhu. Idan sulhu bai yiwu ba aka ayyana ka karyayye, dukiyarka za ta koma hannun wakilin da zai sayar ya raba wa masu bashi, ban da kayan sana'arka, da tufafi da shimfiɗar iyalinka gwargwadon abin da doka ta ƙayyade, da dukiyar amana da ke hannunka. Wanda ya riƙe takardar gidanka ko gonarka a matsayin jingina yana nan a kan haƙƙinsa, hukuncin karaya bai hana shi sayar da abin da aka jinginar masa ba. Haka kuma wanda ya tsaya maka lokacin karɓar rance ba ya kuɓuta don an sallame ka, wato kotu ta sauke maka hukuncin karayar, kuma bashin da aka ci ta hanyar zamba ba ya faɗuwa.

Tsakanin ranar hukunci da ranar da za a sallame ka akwai ɗaurin talala mai nauyi. Kundin Tsarin Mulki, a sassa na 66 da 107 da 182, ya hana karyayyen da ba a sallama ba tsayawa takarar Majalisar Tarayya, ko Majalisar Dokokin Jiha, ko kujerar gwamna. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana shi shiga cikin masu kafa kamfani, sannan laifi ne ya karɓi sabon bashi yana ɓoye matsayinsa. Ko a ƙasashen da ake ba da labarinsu abin ba kyauta ba ne: a Amurka hukuncin karaya yana zama a tarihin bashin mutum shekara 7 ko 10 gwargwadon nau'in ƙarar, a Ingila kuwa shekara 6, duk da cewa galibi ana sallamar mutum bayan wata 12. A nan gida kuma kuɗin lauya da jinkirin shari'a sun sa mutane ƙalilan ne ke bin wannan hanya. A ganina, ga ɗan kasuwar da bashinsa bai wuce 'yan miliyoyi ba, kotun karaya ita ce zaɓi na ƙarshe, kuma kada ya doshe ta sai lauya ya duba takardunsa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da malamai suka karantar

Mafi yawan bashin da ke tsakanin mutanenmu bai taɓa shiga banki ba. Bashin uban gida ne da ya ba da kaya daga Kantin Kwari a Kano, ko zubin adashen da aka ɗauka ba a ƙarasa ba, ko kuɗin ɗan'uwa da aka karɓa da niyyar juyawa. Irin wannan bashi da ma'aunin Shari'a ake auna shi, kuma fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu yana da babi guda a kan muflisi, wato wanda bashi ya rinjayi dukiyarsa. Alƙali yana iya hana shi taɓa dukiyar, a sayar da ita, a raba wa masu bi gwargwadon abin da kowa ke bi, a bar masa abin ci da sutura shi da iyalinsa. Bashin da lokacin biyansa bai yi ba yakan zama na nan take da zarar an yanke masa hukuncin. Wanda kuma ya tarar da kayansa na nan yadda ya bayar da su, ya fi kowa cancanta da su, kamar yadda ya tabbata a hadisin Abu Huraira.

Yana da kyau a ga yadda rabon yake da lissafi, domin a nan ne ake yawan samun saɓani. A ɗauka ana bin mutum Naira miliyan 2: uban gidansa miliyan 1, wani abokin ciniki 600,000, surukinsa 400,000, alhali duk abin da ya mallaka bayan an cire na masarufi bai wuce 800,000 ba. Kowace Naira za ta samu kwabo 40, don haka uban gida zai karɓi 400,000, abokin ciniki 240,000, suruki 160,000. Ba a fifita wanda ya fi ɗaga murya, ba a kuma fifita dangi don kunyar gida.

Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya danne cikin masu haƙƙi a zakka, abin da mawadatanmu da yawa ke mantawa idan sun zo fitar da ita. Sai dai jinkiri ba shafewa ba ne. Ragowar bashin tana nan a wuyan mutum har ya samu hali ko a yafe masa, kuma idan ya rasu ana biya daga abin da ya bari kafin a raba gado. Wanda kuwa yake da abin biya yana ja wa mai haƙƙi rai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira wannan zalunci.

Littafin da ke bin lambar BVN

Abin da ya canza lamarin bashin banki a shekarun nan shi ne, yanzu ba sai kotu ta ce ka karye ba kafin sunanka ya ɓaci a wurin masu ba da rance. Tun da aka ƙaddamar da lambar BVN a 2014, duk asusun da ka buɗe a kowane banki yana ɗaure da kai. A watan Mayun 2017 kuma aka sa hannu a kan dokar adana tarihin bashi, wadda ta ƙarfafa aikin kamfanoni uku da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisi: CRC Credit Bureau, da FirstCentral, da CreditRegistry. Bankunan kasuwanci, da ƙananan bankuna, da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, da yawancin manhajojin rance masu rajista, duk suna aika musu bayanin wanda ya karɓa, da nawa ya karɓa, da ranar da ya biya ko ya saɓa. Wanda ya ɗauki babur ko kayan shago ta hanyar murabaha, wato banki ya sayi kayan ya sayar masa da riba, kada ya ɗauka cewa rashin kuɗin ruwa ya fitar da shi daga wannan littafi.

A ƙa'idar bankunan kasuwanci, bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya abin da ya wajaba ba ana sa shi cikin wanda ya lalace, kuma matsayinsa yana ƙara muni bayan kwana 180, sannan bayan kwana 360. Doka ta wajabta wa kamfanonin nan su riƙe bayanin aƙalla shekara 6, sannan su ajiye shi a ma'adana na wasu shekaru 10. Tunda kuma an umarci bankuna su duba rahoton mai neman rance kafin su ba shi, ɗan bashin da aka raina aka bari a wata manhaja yana iya tare maka rancen noma ko na jari bayan shekaru, a bankin da bai taɓa ganin fuskarka ba.

Akwai kuma tsarin GSI, wato izinin da mai karɓar rance ke ba banki ya ci bashinsa daga sauran asusunansa, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2020. Idan ka sa hannu a kan wannan izini lokacin karɓar rance, bankin da ke bin ka yana iya ɗebe kuɗinsa daga asusunka na wani banki ta hanyar BVN, har da asusun haɗin gwiwa da na cikin waya. Ƙa'idar ta taƙaita abin da za a ɗeba a kan uwar kuɗi da ruwan da ya taru, ban da tarar jinkiri. Magidanta da yawa a Bauchi da Azare da Misau sun karɓi rancen rage raɗaɗin korona da Babban Banki ya fitar a 2020 suna ɗauka kyauta ce daga gwamnati, sai daga baya suka fahimci cewa rance ne mai wa'adi. Don haka sauya banki ko sauya layin waya ba ya raba mutum da bashi, abin da yake yi kawai shi ne rufe ƙofar sulhu.

Yadda za ka bi lamarin

Fara da zama kai kaɗai da takarda da biro, ka rubuta duk wanda ke bin ka ba tare da ka rage ko ɗaya don kunya ba: sunansa, uwar kuɗin, abin da ya hau kai, ranar biya, abin da ka jinginar, da wanda ya tsaya maka. A ɗaya gefen ka rubuta abin da ka mallaka da farashin da zai sayu yau a kasuwa, ba farashin da ka saya ba, tare da bashin da kake bin wasu wanda kake da yaƙinin zai fito. Wannan zama yana da ɗaci, amma mutane da yawa sai a nan suke gane cewa matsalarsu ta wa'adi ce, dukiyar na nan lokacin biya ne ya matse, wasu kuma su gane cewa ramin ya fi yadda suke zato. Maganin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. Na farko ƙarin lokaci yake buƙata, na biyu kuwa sai an rage masa wani abu daga bashin.

Daga nan ka nemi rahoton tarihin bashinka. Doka ta ba ka damar samunsa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma ana nema ta intanet da lambar BVN. Ka nema daga kamfanonin uku, domin ba lallai abin da ke wurin wannan ya zama shi ne a wurin wancan ba. Ka karanta shi a tsanake, ka duba ko akwai rancen da ka biya amma yana nan a buɗe, ko wanda ba ka san da shi ba. Wannan na biyun yakan faru ga waɗanda suka taɓa miƙa BVN ɗinsu da katin shaida ga masu yawo suna cewa za su cike musu fom na tallafi.

Tun daga ranar ka daina cin sabon bashi don biyan tsoho, musamman na manhajojin waya masu wa'adin mako ɗaya ko biyu, waɗanda ruwansu ke cinye mutum kafin wata ya zagayo. Ka ware abincin gida, da haya, da magani, sannan abin da ya rage shi ne gaskiyar abin da za ka iya biya duk wata. Bashin da ke da jingina a kan gidan da iyali ke kwana ko gonar da ake ci daga ita shi ya fi buƙatar gaggawa. Amma idan lissafi ya nuna dukiyarka ba za ta rufe bashin duka ba, to kada ka zaɓi wani ka biya shi cif ka bar sauran, domin wannan ne ke mayar da masu haƙuri abokan gaba, kuma kotu tana iya warware irin wannan biya.

Mataki mafi wuya, wanda kuma ya fi kowane amfani, shi ne ka je wurin masu bin ka kafin su zo wurinka. Idan banki ne, rubuta takarda zuwa ga manajan reshe ka bayyana abin da ya faru da hujja, ko gobara ce, ko rashin lafiya, ko ambaliya ta cinye gona, ka nemi a sake tsara biyan: a tsawaita wa'adi, ko a ɗaga maka ƙafa na wasu watanni, ko a yafe tarar jinkiri da wani ɓangare na ruwa idan za ka kawo kuɗi a dunƙule. Ka sa a buga wa kwafinka hatimin karɓa. Banki ya fi son bashin da ake biya kaɗan-kaɗan a kan wanda zai kai kotu, amma alƙawarin baki na jami'in da za a iya sauya wa wurin aiki gobe ba ya kare ka, sai abin da aka rubuta aka sa wa hannu. Kada kuma ka yi alƙawarin adadin da ya fi ƙarfinka don a rabu lafiya a ranar, domin saɓa yarjejeniya ta biyu ya fi saɓa ta farko zubar da mutunci.

Idan bashin kasuwa ne ko na dangi, tara su a zama ɗaya a gaban wanda duka kuke jin nauyinsa, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwarku, ko limami, ko mai unguwa. Buɗe musu lissafin nan yadda yake, ka ce: "Alhaji, ga abin da ya rage a hannuna, ga kuma abin da zan iya kawowa duk wata, ina roƙon ku duba Allah ku duba zaman da muka yi." A rubuta abin da aka amince, da wanda ya yafe da adadin da ya yafe, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya tafi da kwafi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma babu dalilin da zai sa a rubuta karɓa a ƙi rubuta sulhu. Wanda ya tsaya maka kuwa ka sanar da shi tun kafin ya ji daga bakin banki, domin albashinsa da sunansa suna cikin haɗari saboda yardar da ya yi maka.

Akwai abubuwan da ke mayar da bashi laifi, kuma dole a guje su komai matsi. Kada ka mayar da gida ko mota da sunan matarka ko ƙanenka don ɓoye wa masu bi. Kada ka sayar da abin da ka riga ka jinginar ba da izini ba. Kada ka ba da cakin banki alhali ka san babu kuɗi a asusun, domin dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 2 ba tare da zaɓin tara ba ga wanda aka samu da wannan laifi. Idan kuma sammaci ya zo, ka je. Wanda ya ƙi halartar kotu ana iya yanke hukunci a bayansa, a ba da umarnin riƙe asusunsa ko yin gwanjon kayansa, alhali da ya je zai iya roƙon a ba shi damar biya kashi-kashi. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya a jiha.

Kai ma kana da haƙƙi, kuma saninsa yana rage tsoro. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, don haka ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne matuƙar babu zamba a ciki. Manhajar da ke aika wa mutanen da ke cikin wayarka saƙon cin mutunci ta saɓa ƙa'idojin da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta fitar, da kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ka adana hotunan saƙonnin ka kai ƙorafi, amma ka sani rashin mutuncinsu bai sauke maka uwar kuɗin da ka karɓa ba. Idan banki ya ɗebi fiye da haƙƙinsa, fara da ƙorafi a rubuce ga bankin, idan wa'adin warware ƙorafin ya wuce ba a warware ba ka ɗaukaka zuwa sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki.

Ranar da ka biya kashin ƙarshe aikin bai ƙare ba. Karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, mai ɗauke da sunanka da lambar rancen da hatimi, ka nemi bankin ya sabunta bayaninka a wurin kamfanonin adana tarihin bashi, domin wanda ya shigar da bayanin shi ne ke da ikon gyara shi. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya goge maka suna ta bayan gida, damfara ce. Bayan wata ɗaya ko biyu ka sake ciro rahoton ka tabbatar an rufe rancen, idan ba a yi ba ka shigar da ƙorafi a kamfanin tare da kwafin takardar. Tarihin jinkirin da ka yi zai ci gaba da bayyana na wasu shekaru, sai dai bashin da aka rubuta an biya shi daga baya ba ɗaya yake da wanda aka bari a buɗe ba a idon mai duba takarda. Idan wani ya tsaya maka, ka ba shi kwafin takardar shi ma ya duba nasa rahoton, sannan ka karɓo takardun filin ko na motar da ka jinginar, ka tabbatar an cire sunan kadarar daga rajistar jingina kafin ka sake ƙulla wani ciniki da ita.